Taragai Biyar da Suka Hana Mu Komawa Abuja

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na fi daɗewa ina kewaya shi. 'Ya'yana, na ba ku labarin ƙuruciyata a Wurma da shekarun da na yi ina karɓar haihuwa a asibiti, kuma ba wanda ya yi mini nauyin faɗa. Wannan kuwa ya shafi babanku, Allah ya jiƙansa, ya kuma shafi wata magana da kuka riƙe a kaina tun shekarar da Yayanku ya zo ɗaukar mu zuwa Abuja na ce ba zan je ba. Kun yi mini biyayya, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, amma uwa tana jin abin da ba a faɗa ba. Yau zan gaya muku yadda abin ya kasance.

Kun tashi kun san babanku malamin zane ne a sakandare, irin zanen injuna da gine-gine da ake yi da rula da kamfas. Tun yana sabon malami a nan Dutsin-Ma ya yi aiki da wani Ba'indiye mai koyar da lissafi, wanda da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani tsohon littafi mai hotunan jiragen ƙasan Ingila na zamanin da. Malam, wato babanku, bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai daga Funtua zuwa Zariya yana ɗalibi, amma wasu taragai a littafin nan suka shiga ransa. A jirgin da muka sani, kowane tarago da ƙafafunsa gaba da baya, sai a ƙulla shi da na kusa da shi. Waɗannan kuwa, taragai biyu ne ke ɗora ƙarshensu a kan ƙafafu ɗaya a daidai mahaɗarsu. Malam ya ce hikimar ita ce nauyi ya ragu, jijjiga ta ragu, jirgi ya sha kwana ba gargada. Ya faɗa mini sunan wannan mahaɗa da Turanci, na kasa riƙewa, na ce ai gammo ne, tun da a kansa ake ɗora kaya. Daga ranar har ya bar duniya shi ma gammo yake cewa.

Shekara da shekaru abin bai wuce zane a takarda ba, domin ga aiki ga ku. Da ya yi ritaya, kuka watse kowa ya kama gidansa, sai ya share ɗakin nan na kusa da zaure inda muke ajiye buhunan hatsi, ya kafa tebur, ya ce zai ƙera taragan nan ƙanana. Ranar kasuwa ya fita ya dawo da gwangwanayen madara, da falanki marar kauri, da wayar tagulla, da dalma. Ƙafafun kaɗai ya kai wa wani mai juya ƙarfe a Katsina. Kuma ba da ido yake yi ba. Kome sai ya auna a hoto ya lissafa, ya rage shi da ma'auni ɗaya, har taga da mariƙin ƙofa, ta yadda da za a hura taragon ya kumbura, da ya koma daidai da na gaskiya. Kowane tarago bai wuce kamu ɗaya ba. Ya shafa musu wani fenti mai ruwan zuma, ya ce haka katakon na ainihi yake.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko kunya abin ya ba ni. Maƙwabta su shigo gaisuwa su ji ƙwas-ƙwas daga ɗakin, su ce, "Sista, ashe Malam ya koma motar langa-langa?" In yi dariya in kawar da zance. Amma na lura mutumin da nake tsoron zaman banza zai tsufar da shi ya koma yana karya kumallo a tsaye don ɗokin aiki. Sai wata rana ya leƙo tsakar gida yana sosa ƙeya, ya ce tsakanin tarago da tarago akwai wata rumfa mai naɗewa kamar zuga-zugin maƙeri, inda mutane ke bi su tsallaka, ya gwada da takarda ta yage. Na ɗauko ƙyallen baƙar lema da ta lalace na ɗinka masa. Da haka ƙafata ta shiga ɗakin.

Da ya gama taragai biyun farko, sai ga wansa ya zo daga Kurfi, wato Yaya Malam, wanda ya gaji makarantar gidansu. Kun san yadda babanku yake a gabansa, da furfurarsa da kome, durƙusawa yake. Yaya Malam ya zagaya teburin yana jinjina kai, ya sunkuya ya leƙa ta taga, sai fuskarsa ta canja. Ashe Malam ya sassaƙa 'yan mutane da itace ya zaunar da su a kujeru.

"Malam Ƙarami," in ji shi, domin haka yake kiran babanku, "jirgi dai ba shi da rai, ka yi ta yi har ka cika gidan. Amma wanga mai hula da wagga mai goyo, ranar gobe da mi za ka hura masu rai?"

"Na ji, Yaya," in ji Malam.

A gabansa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya ba ni na sa a murhu. Bai yi musu ba, amma kwana da kwanaki yana cewa jirgi ba fasinja kamar kango ne. Ni kuwa na zauna na yi tunani, na ce ai ba mutum kaɗai ke nuna akwai matafiya ba. Na tattaro guntayen atamfa na ƙulla 'yan ƙunshin kaya kamar ƙwayar gyaɗa, na naɗe 'yar tabarma da zaren kaba, na yi buta da murfin maganin ɗigon ido, na yanka 'yan takalma da fata na jera a ƙarƙashin kujeru. Da Yaya Malam ya sake zuwa, ya leƙa ya daɗe yana kallo. Ni har na tsufa Amarya yake ce mini.

"Amarya, ga kaya ga takalma. Ina masu su?"

"Sun sauka salla, Yaya," na ce.

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango, ya ce to Allah ya karɓa, kada direba ya tafi ya bar su.

Bayan wannan ne Malam ya ɗauko babban aikin da ya daɗe yana buri, jerin taragai biyar a haɗe, na tsakiya ɗakin girki, na gefensa biyu wurin cin abinci, na ƙarshe biyu na zama. Taragai biyar a kan jerin ƙafafu shida maimakon goma, huɗu daga ciki gammo ne. Ya gama biyu ya fara na uku, sai na ga shayi yana zuba a ɗan faranti idan ya ɗauki kofi. Na yi aikin asibiti, na san abin da nake gani, amma na yi ta ce wa kaina gajiya ce. Sai ranar da dalma ta ɗiga masa a cinya ta huda wando, ya zauna yana kallon hannunsa na dama yana rawa shi kaɗai kamar ba nasa ba. Muka je Katsina. Likita ya ce ciwo ne da ba a warkewa, sai dai magani ya rage masa sauri.

Da Babbar Salla Yayanku ya zo da iyalinsa. Bayan an gama hidimar nama ya zaunar da mu a falo, ya ce ya gyara mana ɓangare guda a gidansa, ga manyan likitoci kusa, ga mai kula da Baba, kuma hanyoyin nan namu ba su da kwanciyar hankali kamar da, hankalinsa ba ya kwanciya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ni na san irin wahalar da ya sha kafin ya shirya wannan wuri. Malam ya sa masa albarka, ya ce to, za mu duba. Bayan la'asar na same shi a ɗakin aiki, ba ya aikin kome, ya dafa tarago na uku da ba shi da rufi.

"Hajiya," ya ce, "in na je can, a kan kujera za su ajiye ni gaban talabijin. Ba mai barina in taɓa wuƙa, balle wuta."

"Sai ka gaya masa."

"In ce masa me? In ce saboda gwangwani na ƙi bin sa? Zai ce ciwon ya taɓa mini kai. Kuma da ƙauna zai faɗa, ya tara ƙannensa su yi ta roƙo, ni kuwa ba na iya ce wa yaran nan a'a, kin sani. Ni dai ina son in ga biyar ɗin nan sun sha kwana kafin hannun ya ƙare. Amma kada ki gaya musu ina raye, kada su raina hankalina."

Na kalli mutumin nan da bai taɓa roƙona wani abu don kansa ba. Na san idan shi ya ƙi, za a ce ciwo ne, a lallashe shi a sa a mota. Idan ni na ƙi, za a ce taurin kai ne, taurin kan uwa kuwa ba a sa shi a mota. Da safe Yayanku ya shigo gaishe ni, na ce masa ni ce ba zan je ba, kuma babansa ba ya zama inda ba ni. Ya tambaye ni dalili. Ban shirya dalili ba, sai na kama abin da idona ya gani, na ce gidana, da maƙwabtana, da awakina.

"Umma, awaki?" ya ce. "Lafiyar Baba fa muke magana."

"Na ji abin da muke magana," na ce.

Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya tashi. Ban taɓa jin kalma mai ladabi da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Daga nan idan ya bugo waya, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba ragi, sannan ya ce, "Ba ni Baba." Hirar da muke yi da, ta yaransa da abin da aka dafa, ta tsaya. Ku ma sauran na ji sanyin a muryoyinku. Ban ga laifinku ba. Da ni ce a matsayinku, abin da zan ɗauka ke nan.

Da motarsu ta fita na koma wurin Malam na kafa masa sharaɗi. Magani a kan lokaci ba gardama, asibitin Katsina duk ranar da aka ba mu, kuma daga yau ba shi ba riƙe ƙarfen dalma.

"To wa zai riƙe?" ya ce.

Na shiga ɗaki na buɗe akwatina, na fito da ɗan hantsaki da almakashin da na yi aiki da su shekaru, na ajiye a teburinsa. Na ce hannun da ya ɗinke mutum ba ya jin tsoron gwangwani.

Ashe ban san abin da na ɗauko ba. Babanku da kuka sani mai sanyin hali, a gaban aiki wani mutum ne daban. Yana zaune a gefena da tabarau a kan hanci, hannunsa na dama a matse ƙarƙashin cinya don kada ya girgiza tebur, yana ba da umarni kamar ina aji ɗaya. In yanka taga, ya ɗora rula ya ce ta karkace da kaurin gashi. In ce wane ne zai gani? Ya ce shi ya gani. Wata rana na ajiye almakashi na ce ya nemi wata ma'aikaciyar, na fita na kama tankaɗe. Can sai ga shi ya biyo ni da ƙullin tsire da ya aika aka sayo, ya tsaya a bakin madafa ya ce an aiko shi biko daga kamfanin jirgin ƙasa. Haka muka yi ta yi, faɗa da safe, dariya da hantsi. Dalma ta ƙone ni a babban yatsa har sau nawa, tabon yana nan. Saratu, kin taɓa tambayata, na ce miki man suya ne.

Gammo ne ya fi ba mu wuya. Ƙusa ɗaya ce a tsakiya za ta riƙe ƙarshen taragai biyu, kuma dole kowanne ya juya yadda yake so. In ta matse, jirgi ya ƙi lanƙwasa, in ta yi sako-sako, ya yi ta rangaji ya faɗi. Muka shimfiɗa layin dogo da sandunan alminiyon na taga a kan falanki, muka yi masa kwana. Duk gwajin da muka yi, tarago na uku sai ya tuntsure a kwanar nan, kayan miyan da na jera a ɗakin girkin su watse. Malam ya yi lissafi ya sake, ni na kwance na ɗaura, har damina ta wuce. Daga baya ya gano ɗakin girkin ya fi sauran nauyi a sama, saboda murhu da tukwanen da na cika masa. Ya ce in rage. Na ce ba a ciyar da mutanen tarago huɗu da tukunya ɗaya. Ƙarshe dalma muka narka muka liƙa a ƙasan taragon, tukwanena suka tsira.

Da kaka muka gama. A lokacin ƙafa ta hana Yaya Malam fita, sai babanku ya ce ba za a yi gwajin ƙarshe ba sai a gabansa. Muka naɗe taragan a zannuwana, muka ɗauki shatar mota zuwa Kurfi, ni na rungume biyu a cinya ina yi wa direba faɗa a kowane rami. Aka share tsakar gida, aka jera falankan, aka fito da Yaya Malam aka zaunar a buzunsa, matan gida suka tsaya a bakin ƙofofi. Malam bai taɓa ƙera kan jirgi ba, ya ce shi taragai ne suka dame shi, don haka da zare ake ja. Ya durƙusa ya kama zaren, hannun ya ɗauki rawa, taragon gaba ya fara tsalle. Ya saki, ya sake kamawa, haka dai. 

"Amarya," in ji Yaya Malam, "mi kike jira? Riƙe mashi hannu."

A gaban surukai da 'ya'yansu, ni da ban taɓa zama tabarma ɗaya da babanku a gidan nan ba, na durƙusa na kama wuyan hannunsa. Muka ja a hankali. Na fari ya shiga kwana, na biyu ya bi, na uku ya ɗan karkata har na ji numfashin Malam ya tsaya, sai ya daidaita ya wuce, na huɗu da na biyar suka biyo shi sumul, ƙafafun suna 'yar ƙara ƙis-ƙis a mahaɗar layi. Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, Yaya Malam bai hana ba. Babanku ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa a sake, a sake. Yaya Malam ya sa aka miƙo masa tarago ɗaya, ya jujjuya shi, sannan ya kalli yatsuna.

"Malam Ƙarami, aikin ga na hannu biyu ne ko na huɗu?"

"Na huɗu ne, Yaya. Amma biyu faɗa kawai suka iya."

"To Allah ya yi wa masu haƙurin albarka," in ji shi.

Daminar da ta biyo baya sanyi ya kama ƙirjin babanku, muka kwana kaɗan a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Kun zo kun same ni, kun yi duk abin da 'ya'ya ke yi. Ana zaman makoki, ina bayan labule, na ji Saratu tana ce wa gwaggonku cikin kuka, da Umma ta yarda an kai shi Abuja, da wataƙila yanzu yana nan. Saratu, kada ki ji kome, ban riƙe ki ba, baƙin ciki ne ya yi magana. Na so in fito in faɗi gaskiya a lokacin, tun da alkawarin na rayuwarsa ne kawai. Amma na ga idan na faɗa ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, zai zama na sauke laifi na ɗora wa wanda ba ya iya amsawa. Na yi shiru, shirun kuma ya yi ta tsawo har ya zama ban san ta inda zan fara ba.

Ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba. Na san abin da babban asibiti ke iyawa, kuma akwai ranakun da nake tambayar kaina ko da ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a can. Kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne, a shekarar nan ta ƙarshe, mutumin da ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa yana tashi kullum da abin da yake ɗokin yi, yana da wanda zai yi wa faɗa, kuma bai taɓa zama abin tausayi a gidansa ba. Ba ƙin ku ya yi ba. Tsoron ƙaunarku ya ji, don ya san ba zai iya tsaya mata ba.

Kai kuma babban ɗana, na san halinka, kana gama karanta wannan za ka ɗauki waya ka fara ba ni haƙuri. Kada ka yi, ba ka yi mini laifin kome ba. In kana son ka yi wani abu, ka ɗauki hutu ka zo da yaran. Fentin rufin taragan ya fara ɓarewa, idona kuma ba ya ganin bakin taga yanzu. Ka taho da ƙaramin buroshi. Ni zan zauna a gefe in yi faɗan.